Yadda ake fara maganar hannu da yaro kurma tun yana goye

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa kusan hanya ɗaya ake bi idan yaro ba ya ji. Ya shekara bai ce "baba" ba, kaka ta ce nauyin baki ne, ubansa ma sai da ya yi wayo ya buɗe baki. Ya shekara biyu a karɓo rubutu. Ya shekara uku a kira wanzami ya duba ƙarƙashin harshe. Sai ya kai shida ko bakwai a haƙura a ce ai bebe ne. Duk tsawon shekarun nan ana ciyar da shi, ana yi masa wanka, ana sonsa, amma ba a taɓa yin hira da shi ba. Ya girma kuma a riƙa cewa bebe zuciya gare shi, bebe bai san wasa ba, bebe zargi ne da shi. Ba da wannan hali aka haife shi ba. Rashin hirar ne ya jawo, kuma gida zai iya tare abin tun da wuri.

Yaro mai ji tun yana bayan uwarsa yake tsintar zancen mutane: "na zaci ka tafi gona", "ai ba ta sani ba ne", "wasa yake yi miki". Daga nan yake gane cewa abin da ke zuciyar wani daban yake da abin da ke tasa, kuma mutum kan ɗauki abu gaskiya alhali ba haka yake ba. Yawancin yara suna kai wa ga wannan fahimta a shekara 4 zuwa 5. A 1995 wasu masana biyu a Ostireliya, Candida Peterson da Michael Siegal, sun gwada yara kurame 26 masu shekara 8 zuwa 13, kashi 65 cikin 100 suka kasa ɗan gwajin gane zaton wani da mai shekara biyar kan ci. Binciken da ya biyo baya a Ingila da Amurka ya nuna cewa kurame 'ya'yan kurame, waɗanda aka yi wa maganar hannu tun suna tsumma, suna kai wa a kan lokaci daidai da masu ji. Duka ba sa ji. Abin da ya raba su, wasu sun sami harshe da wuri, wasu ba su samu ba. Ga shi kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na kurame, iyayensu masu ji ne.

A tabbatar, amma kada a zauna jiran sakamako

Jariri kurma yana kuka, yana dariya, yana gwaranci a watannin farko kamar kowa, shi ya sa iyaye kan ruɗe. A lura: kafin wata 3, yana razana idan ƙyauren langa-langa ya buga ko kwano ya faɗi? A wata 6, yana juyowa idan an kira shi ta baya? Daga nan zuwa wata 10, "ba-ba-ba" ɗin ƙaruwa yake ko ɗaukewa? A ƙara sa ido idan bakwaini ne, ko ya yi shawara mai tsanani a makon haihuwa, ko ya yi sanƙarau, ƙyanda ko hangum, ko an daɗe ana yi masa allura irin jentamaisin, ko kunnensa na zubar da ruwa, ko akwai kurma a dangi, musamman inda auren zumunci ya yi yawa. Sanƙarau dai mun san ɓarnarsa. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, galibi a Arewa, kuma da dama cikin waɗanda suka tashi sun tashi babu ji.

Yaron da ya wuce wata 6 ana iya gwada shi a gida. Uwa ta zaunar da shi a cinya, wani ya ɗauke masa hankali ta gaba, na uku ya tsaya a baya ta gefe ɗaya ya kaɗa cokali a kofi, sannan ya koma ɗaya gefen. Kada inuwarsa ta faɗo gaban yaron, kada ya buga ƙafa a ƙasa, kada ya yi tafin da iskarsa za ta taɓa shi. Kurma gwani ne wajen kama irin waɗannan, sai ya juyo a ce ai yana ji. Wannan gwaji ishara ce kawai. Na tabbas a asibiti yake: a nemi takardar turawa daga asibitin ƙaramar hukuma zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Na'urar gwajin jarirai ba ta da zafi, yana barci ma ake yi.

Burin likitoci a duniya shi ne a gwada jariri kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Mutumin ƙauye da wuya ya cika wannan a asibiti, amma zai iya cika na ƙarshen a tsakar gidansa. Ranar da aka fara zargi, ranar za a fara maganar hannu. Idan daga baya aka ce yana ji, ba a yi asarar komai ba, domin maganar hannu ba ta hana yaro maganar baki. Addu'a a ci gaba da ita. Yanka ƙarƙashin harshe, cire belu da ɗiga ruwan ganye ko mai a kunne kuwa a bar su. Harshensa lafiya lau yake, magana ce bai taɓa ji ba balle ya kwaikwaya.

Malamin yana nan kusa

Ƙasar Hausa tana da maganar hannunta tun kaka da kakanni, cikakken harshe mai ƙa'idojinsa, har Kano tana da sarautar sarkin bebaye. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano cikin shekarun 1990, ta wallafa littafi a kan harshen a shekarar 2000. Kowane Bahaushe ma ya san kaɗan daga ciki, kamar kai hannu baki don abinci ko shafa gemu don namiji. Sai dai wannan kaɗan ɗin ba zai raini yaro ba.

Maigida, aikinka ne ka nemo kurma babba wanda ya iya, mai hankali, wanda aka san halinsa. Da wuya a rasa a gunduma: tela, mai wankin hula, mai faci, manomi. Idan babu a garinku, ka tambaya ranar kasuwa, Wudil ran Juma'a, Dambatta ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis, domin kurame sun san junansu, ɗaya zai kai ka ga goma. Mace ta fi, tunda ita za ta shiga cikin gida inda yaron yake wuni. Idan namiji aka samu, a zauna da shi a zaure tare da yaron da yayyensa, su kuma su kai wa mata abin da aka koya kafin ya huce. Sau biyu ko uku a mako ya isa farawa. A karrama shi da abinci da ɗan abin hasafi, malami ne ya zo. Kuma a bari yaron ya riƙa kallon kurame biyu suna hira da saurinsu, ko da bai gane komai ba tukuna.

Za ka tarar 'yan makaranta suna wata maganar daban, wadda ta samo asali daga ta Amurka. Andrew Foster, wani kurma baƙar fatar Amurka, shi ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, daga nan ta bazu. Wasu za su ce maka ta gida ta jahilai ce. Kada ka saurare su. Ka fara da wadda ke kusa, wadda maƙwabta za su gane. Yaron da ya riƙe harshe ɗaya da kyau, na biyu ba ya ba shi wuya.

A gyara zama

A nan al'adunmu suke cin karo da buƙatar yaron, kuma gara a faɗa a fili. Na farko goyo. Mai ji yana goye yana sauraron duniya, kurma kuwa ƙeyar uwarsa kaɗai yake gani. Ba cewa ake a daina goyo ba, aiki ba zai bari ba. Amma idan ana tsince, sussuka ko tankaɗe, a sauke shi kan tabarma ta gaba inda zai ga fuska da hannu. Lokacin shayarwa da wanka da shafa mai, fuska na kusa da fuska, kada a bar su su wuce a banza.

Na biyu kunyar ɗan fari. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, idan mai ji ne zai tsinci magana a bakin wasu. Kurma ba shi da wannan gata. Ke uwa, wannan kunyar sai kin sassauta ta, ke kuma Gwaggo ko Inna, ke za ki ba ta izini a gaban kowa don kada a yi da ita. Haka zancen kallon ido. Mun saba yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, to shi idan ya sunkuya an rufe masa kunne ke nan. A sanar da kakanni da malamin allo cewa kallon da yake yi musu sauraro ne, ba rashin kunya ba.

Sai haske. Hirarmu da tatsuniyarmu duk bayan isha'i ne, lokacin da kurma ba ya ganin komai. A sami fitilar sola ko ta batir a ajiye ta yadda za ta haska fuskar mai magana, ba ta bayansa ba. Hannun da ke ƙarƙashin hijabi ma ba ya magana, a cikin gida a fito da shi. Wajen kira, a dafa kafaɗarsa a hankali ko a ɗaga masa hannu ta inda zai gani. Jifa da tsakuwa da fizgar riga, a hana yaran gida tun yau.

Alamun farko

A fara da abin da yake so kuma yake gani kullum: nono, ruwa, ci, ƙari, ya ƙare, zafi, barci, wanka, akuya, kaza, babur. Abin da iyaye masu ji suka fi kuskurewa shi ne lokaci. Mai ji yana kallon akuya yana jin an ce "akuya". Kurma kuwa da ido kaɗai zai kalli akuyar ya kuma kalli hannu, ba za su yiwu tare ba. Don haka a nuna masa, a bar shi ya ƙoshi da kallo, a jira ya dawo da idonsa, sannan a yi alamar. Ko a kai hannun kusa da abin, ko a yi alamar a jikinsa yana zaune a cinya. A yi ta a hankali, da faɗi, a maimaita, fuska kuma ta yi aikinta: tambaya da ɗaga gira, zafi da yamutsa fuska. Ana yi ana magana da baki kamar yadda aka saba.

Zai ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya mayar. A 1991 Laura-Ann Petitto a Kanada ta nuna cewa jariran da ake yi wa maganar hannu suna gwaranci da yatsu wajen wata 10 zuwa 14, suna maimaita motsi ɗaya kamar yadda mai ji ke "da-da-da". Idan kuka ga haka ku amsa masa da murna. Alamarsa ta farko za ta zo a karkace. Kada a murɗe masa yatsu don gyara, a dai maimaita daidai a ba shi abin da ya nema.

Kowa a gidan a yi masa sunan hannu, har shi yaron. Kurame kan ɗauko suna daga kamanni, kamar tsage, wushirya, hula ko sana'a. Sai da suna ake iya zancen wanda ba ya nan.

Daga aike zuwa hira

Gidaje da yawa a nan suke tsayawa: zo, tafi, ci, bari, ɗauko. Yaron ya iya aike, kowa ya ce ai muna magana da shi. Wannan ba ya kai yaro ga sanin mutane. Tun yana shekara biyu a roƙi malamin nan ya koya wa gida alamun abin da ido ba ya gani: so, ƙi, tsoro, fushi, murna, kunya, sani, rashin sani, mantuwa, zato, ƙarya, gaskiya, wasa, ganganci, kuskure, da "me ya sa". A ƙasar Nikaraguwa, inda yara kurame suka ƙirƙiro harshensu a makaranta daga ƙarshen shekarun 1970, an tarar 'yan sahun farko, da ba su da isassun kalmomin sani da zato, suna kasa irin gwajin nan na gane zaton wani duk da sun zama manya. Bayan sun koyi kalmomin daga na bayansu, sai suka fara ci. A Amurka ma binciken Mary Pat Moeller da Brenda Schick na 2006 ya nuna cewa yaran da iyayensu mata suka fi yi musu zancen tunani da zato su suka fi fahimta.

Hanya mafi sauƙi, uwa ta riƙa fito da abin da ke ranta a fili. Tana neman ludayi, ta dafa shi ta ce da hannu: "Ludayi ina? Na manta. Na zaci yana cikin tukunya." Ta buɗe. "Babu! Kai ka sani?" Ƙanensa yana kuka ita tana bayan ɗaki, yayarsa ta ce masa: "Yana son nono. Inna ba ta sani ba. Je ka gaya mata." A wannan ɗan aiken ya koyi cewa abin da ya gani ba lallai Inna ta gani ba.

Ganganci da kuskure sun fi komai buƙatar nanatawa, domin daga nan faɗan kurame da yawa yake tashi. Yayarsa ta taka masa ƙafa, ya ɗaga hannu zai rama. A tare shi a nuna masa: "Ba ta gani ba. Ba da gangan ba." Ita kuma ta ba shi haƙuri da hannu. Ran da aka yi masa da gangan kuwa a faɗa masa gaskiya, a hukunta mai laifin yana gani, in ba haka ba zai daina yarda da bayanin. Wasan kaka da jika da na taubasai ma sai da fassara. Kaka ta ƙwace masa takalmi tana cewa mijin nan nawa marowaci ne, kowa na dariya, shi abin da ya gani kawai an ƙwace masa kaya ana yi masa dariya. A yi masa alamar wasa, a nuna masa yadda zai rama da nasa wasan.

Wasan ɓuya, wasan "a wane hannu yake", 'yar tsana da girkin ƙasa duk makaranta ce. A sa 'yar tsana ta ji yunwa, ta yi fushi, ta ɓoye abu. Idan ya kai shekara huɗu a gwada wannan: yayarsa ta sa ƙuli-ƙuli a kwano ta rufe ta fita yana kallo. A ɗauke a mayar cikin ƙwarya. A tambaye shi: "Idan Yaya ta dawo, ina za ta duba?" Idan ya nuna kwano, musamman yana murmushin mugunta, ya gane Yaya na ɗauke da zaton da ba daidai ba. Idan ya nuna ƙwarya, ba faɗuwa ya yi ba. A bar Yaya ta shigo ta buɗe kwano ta yi mamaki, a ce masa: "Ba ta gani ba. Ta zaci yana nan." A sake da wasu kaya bayan kwana biyu. Kwalin ashana da aka cika da tsakuwa ma yana yi: ya buɗe ya gani, a rufe, a tambaye shi me Baba zai zata yana ciki.

A riƙa ba shi labarin jiya da gobe. Hotunan waya suna taimakawa ƙwarai: ga ranar suna, ga wanda ya yi kuka, ga dalili. Yara kurame da yawa sukan wayi gari su ga babu uba, ba wanda ya ce musu ci-rani ya tafi, zai dawo idan ruwa ya sauka. Haihuwa, tafiya, aure, har rasuwa, a gaya masa gwargwadon shekarunsa. Idan gida ya fashe da dariya ya tambaya, "ba komai" da "sai anjima" ba amsa ba ce. A kowane zama a sami mutum ɗaya da zai riƙa taƙaita masa abin da ake cewa, a riƙa karɓa-karɓa don kada nauyin ya tare kan yarinya ɗaya har ta gaji da shi.

Akwai kuma abin da ba ya faɗo wa mai ji a rai. Yaron bai san ana sallama kafin a shiga ɗaki ba, bai san jan takalmi da buga ƙyaure suna da ƙara ba, bai ma san mutane na jin abin da ke bayan katanga ba. Kafin a ce ba shi da ladabi a tambayi kai ko an taɓa gaya masa. Durƙusawa, karɓa da dama, alwala da salla zai ɗauka da ido, amma dalilinsu sai an faɗa masa. Ya kuma san alamun "a'a", "kada ka taɓa ni", "asiri" da "zan faɗa wa Inna". Mugu yakan zaɓi yaron da ba zai iya ba da labari ba, saboda haka yarinya kurma ba a ɗora mata talla ita kaɗai.

Na'ura da makaranta

Idan likita ya ce akwai sauran ji kuma da hali, a sa na'urar ji, a tanadi kuɗin batir da na sauya abin kunnen yayin da yaro ke girma. Na'ura ƙari ce, ba a ajiye hannu saboda ita. Makarantar Tudun Maliki a Kano, wadda aka buɗe a 1977, tana karɓar kurame, a Jigawa kuma akwai ta Haɗeja. A je a ga wurin, a tambayi shekarun ɗauka tun kafin lokaci ya yi.

Wanda ɗansa ya riga ya kai bakwai ko goma, ya fara yau. Harshe yana da daminarsa, mai shukar baya ba zai girbi abin da mai shukar fari ya girba ba, amma ba zai tashi hannu wofi ba. Irin wannan yaro yana da alamun da ya ƙirƙira da kansa, a karɓe su a ɗora a kai, a kuma haɗa shi da sauran kurame da gaggawa.

Idan ya fara makarantar kwana zai dawo hutu da sababbin alamu da harrufan yatsu waɗanda gida bai sani ba. A ware masa lokaci kullum bayan la'asar ya koya wa gida biyar-biyar, ƙannensa su zauna a gaba, wanda ya iya boko ya riƙa rubuta ma'anarsu a littafi, a kuma ɗauki bidiyon hannunsa a waya don a riƙa bita bayan ya koma.